Rubutun Mako: Windows 12, Sabon Laftof, da Cinikin Biri a Sama



Tun da watan nan ya kama, tambaya guda ce ta cika akwatin saƙon masu kula da zauren nan, sai dai kowa da irin rigar da yake sa mata. Wani ya ce ya tara kuɗin laftof amma ya ji Windows 12 na tafe, shin ya saya ko ya dakata? Wata ɗaliba ta ce an gaya mata duk kwamfutar da ba ta da guntun sarrafa ƙirƙirarriyar basira za ta zama tarkace nan da shekara guda. Wani kuma bidiyo ya turo mana daga YouTube, ga Windows mai sheƙi kamar madubi, yana tambayar inda zai sauke ta. Mun ga gara mu amsa a fili sau ɗaya, kowa ya amfana, wanda kuma bai yarda da mu ba ya faɗi hujjarsa a ƙasa.

Matsayinmu a taƙaice shi ne: kada kowa ya ɗora shawarar sayen kwamfuta a kan abin da aka ce zai zo. A ɗora ta a kan abin da kamfani ya riga ya rubuta ya sa masa rana, musamman ranar da zai janye hannunsa daga kayan da ya ƙera. Mun fi ba da kunne ga labarin abin da ke tafe, alhali abin da ke cin kuɗinmu shi ne labarin abin da ke shirin tafiya.

Mu fara da inda raɗe-raɗin nan ke fitowa, domin ba dukansu ne ƙarya ba. Microsoft na da tsarin gwaji da ake kira Windows Insider, inda yake sakin Windows da ba ta gama nuna ba ga masu son ɗanɗanawa. A cikin irin waɗannan kwafe-kwafen akwai abubuwan da injiniyoyi suka rufe, sai masu bin diddigi su tono su da wasu ƙananan manhajoji, su ɗauki hoto su watsa. Hoton gaskiya ne, amma hoton girkin da ke kan wuta ne, mai girki na iya sauke shi ya zubar. Labarin ƙarfe kuwa, wato masarrafa da sikirin da batir, yakan zubo daga masana'antun Taiwan da Sin da Koriya ta Kudu inda ake haɗa sassan, ko daga takardun neman izini da kamfanoni ke miƙa wa hukumomi kafin su fitar da kaya. Shi ya sa mutane irin su Mark Gurman na Bloomberg da Ming-Chi Kuo sukan dace sau da yawa a kan kayan Apple. Akwai kuma kashi na uku, wanda ya fi yawo a wayoyinmu: masu zane da ke ƙirƙirar yadda suke so Windows ta gaba ta kasance, su haɗa bidiyo mai kyau, wani ya kwafa ya cire bayanin cewa zane ne kawai. Bidiyon da ɗan uwanmu ya turo daga wannan kashin yake. Zuwa ranar da muke wannan rubutu, Microsoft bai sanar da wata manhaja mai suna Windows 12 ba. Duk shafin da ya ce ka latsa nan ka sauke ta, tarko ne, ka yi nesa da shi.

To ko da kamfani ne da kansa ya hau dandamali ya yi alkawari, tarihi ya koya mana mu riƙe kuɗinmu sai mun gani. A 2015 wani ma'aikacin Microsoft, Jerry Nixon, ya faɗa a taron Ignite cewa Windows 10 ce Windows ta ƙarshe, duniya ta ɗauka haka. Shekara shida bayan nan, ranar 5 ga Oktoban 2021, sai ga Windows 11. A Oktoban 2019 kamfanin ya nuna Windows 10X da wata na'ura mai fuska biyu, Surface Neo. A Mayun 2021 aka soke manhajar, na'urar kuma ba ta taɓa shiga shago ba. Da za a fito da Windows 11, cikin abubuwan da aka fi yi wa talla har da cewa za ta riƙa buɗe manhajojin wayar Android. Abin ya zo daga baya, ya ɗan yi zamaninsa, sannan aka rufe shi ranar 5 ga Maris ɗin 2025.

Na baya-bayan nan shi ne Recall. A Mayun 2024 Microsoft ya gabatar da wani rukunin laftof da ya kira Copilot+, kuma abin da aka sa a gaba wajen tallarsu shi ne Recall, wanda ke ɗaukar hoton fuskar kwamfutarka a kai a kai don ka iya nemo duk abin da ka taɓa buɗewa. Masana tsaro suka yi ca, suka nuna cewa ɓarawon da ya samu shiga kwamfutar ya samu littafin rayuwar mai ita a buɗe. Ana saura 'yan kwanaki kayan su shiga kasuwa a watan Yuni aka janye shi, bai isa hannun jama'a ba sai Afrilun 2025, bayan an sake masa gini. Wanda ya sayi laftof ɗin saboda Recall ya yi kusan wata goma yana kallon hanya.

Kada masoya Apple su yi dariya. A Yunin 2024 kamfanin ya nuna sabuwar Siri da za ta san abin da ke cikin saƙonninka da jadawalinka ta yi maka aiki da su. A Maris ɗin 2025 ya fito ya ce abin zai ɗauki lokaci fiye da yadda ya zata. Kafin nan akwai AirPower, faifan caji da aka nuna a 2017 aka soke a 2019 ba tare da an sayar da ko ɗaya ba. Idan waɗanda ke da masana'anta da injiniyoyi a hannu ba su iya cika alkawarin da suka yi da bakinsu a kan lokaci ba, ina ga mai shafin da ya ji daga wanda ya ji?

Yanzu mu juyo ga abin da ba raɗe-raɗi ba ne. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta da aka saba. An sanar da wannan rana shekaru kafin ta zo, amma a zauren nan mun fi tattauna Windows 12 da babu ita fiye da wannan rana da ke rubuce. Kwamfuta mai Windows 10 ba ta mutu ba, za ta kunna ta yi aiki kamar jiya. Abin da ya canja shi ne, duk ɓarakar da aka gano a jikinta daga yanzu ba mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU. Ga mutum ɗaiɗai an sanar da cewa shirin zai kai 13 ga Oktoban 2026, a shiga da Dala 30, ko kyauta idan mutum ya haɗa saitunan kwamfutarsa da asusun Microsoft. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da WannaCry a Mayun 2017, cutar kwamfuta da ta kulle na'urori a ƙasashe sama da 150 har da asibitocin gwamnatin Ingila. Ɓarakar da ta bi an riga an fitar da maganinta wata biyu kafin nan, waɗanda ba su sa maganin ba su ta kama. Mu da ke buɗe asusun banki da imel ɗin aiki da takardun makaranta a kan waɗannan kwamfutoci, wannan magana tamu ce.

Ga inda abin ya fi shafarmu. Windows 11 na da sharuɗɗa: guntun tsaro na TPM 2.0, da masarrafar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000, in ban da 'yan tsiraru da aka keɓe. Kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka sun daɗe da sanin haka, suna ta sauke tsofaffin kwamfutocinsu. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai iya mayarwa shara. Mun san hanyar da irin wannan kaya ke bi. Mafi yawanmu ba sabuwa dal muke saya ba, ta hannu muke saya, wadda ta yi shekara huɗu ko shida a wani ofis a ƙasashen waje kafin ta sauka Computer Village a Ikeja, daga nan ta hauro Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko shagunan Kaduna da Abuja. Ke nan kayan da aka sallama can saboda ranar 14 ga Oktoba, a kan teburanmu suke sauka, an goge su tas suna ƙyalli.

Wani ɗan zauren nan, ɗalibi mai shirin rubuta kundin kammala digiri, ya ba mu labarinsa ya kuma yarda mu faɗa ba tare da suna ba. Ya shiga wani shago da kuɗin da ya yi wata takwas yana tarawa. Aka nuna masa guda biyu, ɗaya an liƙa mata Core i7, ɗaya Core i5, kuma dukansu Windows 11 ce a kai. Ya zaɓi i7 ya ƙara kuɗi, don ya ji ana cewa bakwai ta fi biyar. Sai da ya zo gida wani abokinsa ya duba ya ga i7-6600U ce, zubi na shida, wadda Windows 11 ba ta amince da ita ba, an dai cusa mata ita ta bayan gida. Wadda ya bari i5-8250U ce, zubi na takwas, mai ƙwaƙwalwar aiki huɗu, tasa kuwa biyu gare ta. Ya biya kuɗi mafi yawa ya ɗauki mafi rauni, wadda kuma Microsoft ya faɗa a rubuce cewa irinta ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Abin da ya ba mu tausayi shi ne yaron nan ya san sunan duk wata masarrafa da ake hasashen fitowarta baɗi, amma ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake karanta lambar da ke jikin wadda zai saya yau.

Ba muna cewa duk 'yan kasuwa macuta ba ne. Da yawansu 'yan uwanmu ne, wasu na cikin zauren nan, kuma akwai waɗanda ke faɗa wa mai saye gaskiya ko da ciniki zai lalace. Wasu kuma su ma ba su san bambancin ba, yadda aka turo musu kaya haka suke sayarwa. Amma ganin Windows 11 a fuskar laftof a shago ya daina zama hujjar komai, wannan kowa ya riƙe.

Haka abin yake a ɓangaren MacBook. A Yunin 2025 Apple ya faɗa a fili cewa macOS Tahoe ce babbar manhaja ta ƙarshe da za ta hau Mac mai masarrafar Intel, kuma ko ita ɗin tsirarun samfura na 2019 da 2020 kawai ta ɗauka. Don haka MacBook mai Intel da ake tallarta da araha yanzu, akwai dalilin arahar. Ruwa ba ya tsami banza.

Mun san abin da wasu za su ce: ai jira na da rana. Wanda ya dakata a 2020 ya samu MacBook mai M1, wadda ta zo da ƙarfi da juriyar batir da suka ba kowa mamaki. Gaskiya ne. Sai dai a lura, Apple da kansa ya sanar a Yunin 2020 cewa zai bar Intel kuma Mac ta farko mai sabuwar masarrafa za ta fito kafin ƙarshen shekarar, ta kuwa fito a Nuwamba. Wannan jiran sanarwa ne mai wa'adi, ya bambanta da zaman jiran gawon shanu. Idan kamfani ya sa rana, ranar kuma ta kusa, sannan kwamfutar da ke hannunka na iya kai ka, to dakata. Manyan sanarwar ma lokutansu sanannu ne: baje kolin CES a Las Vegas a Janairu, Computex a Taipei wajen Mayu ko Yuni, taron WWDC na Apple a Yuni. Wanda zai sayi sabuwa dal ana saura mako biyu irin wannan taro, ba laifi ya ɗan jinkirta.

Amma jira a wurinmu na da wani farashi da marubutan Amurka ba sa lissafawa, domin su da Dala suke karɓar albashi. A 2023 an yi ta yaɗa cewa Windows 12 za ta fito a 2024. A farkon Yunin 2023 Dala na wajen Naira 460 a farashin gwamnati, kusan 750 a kasuwar bayan fage. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye Nairarsa yana jiran Windows 12 ya wayi gari kuɗin ba sa iya sayen laftof ɗin da ya raina a bara, abin da ya fito a 2024 kuma sabuntawar Windows 11 ce mai lamba 24H2. Ga kuma aikin da bai yi ba a watannin: zanen da bai karɓa ba, kwas ɗin da bai fara ba.

To shin mu daina bibiyar labarin abin da ke tafe gaba ɗaya? A'a. Akwai dalili mai ƙarfi da ya sa ya kamata mu bi shi, sai dai da wani ido daban. Laftof ɗin da ake baje kolinsa a Las Vegas bana shi ne zai zo mana a matsayin na hannu wajen 2030. Tambayar da ta dace da mu ita ce, idan ya iso, zai gyaru? Zai ƙaru?

A nan ne muke da damuwa ta gaske. Abin da ya sa tsofaffin ThinkPad da EliteBook da Latitude suka yi mana rana shi ne ana kwance su da sukurdireba. Ram ya yi kaɗan, a ƙara. Hadis ya tsufa, a sa SSD. Batir ya mutu, a canja. Dubban matasa na cin abinci da wannan sana'a. Sabbin kuwa sun kama wata hanya. Duk Mac mai masarrafar Apple, ram ɗinta a manne yake da masarrafar, yadda ka saya haka za ka rabu da ita, a MacBook kuma har ma'adanar a manne take. Masarrafar Intel ta Core Ultra 200V da ta fito a Satumban 2024 ita ma da ram ɗinta a jiki ta zo. Laftof sirara masu yawa an narka musu ram a kan allon uwa. Ma'ana, mai gigabait 8 da wani ya saya a Landan bana, da gigabait 8 za ta iso Kano, ba mai gyaran da zai iya yi mata komai. Alhali alamu sun nuna inda aka dosa: Microsoft ya sa gigabait 16 a matsayin mafi ƙarancin ram na Copilot+, Apple ma a Oktoban 2024 ya mayar da 16 matakin farko a sabbin Mac ɗinsa na lokacin. Wannan hasashe ne da ke da tushe, ya kuma fi mana amfani fiye da sanin launin da maɓallin Start zai koma.

Akwai kuma laftof masu masarrafar Snapdragon, da ake yaba wa juriyar batirinsu, abin da duk mai fama da ɗaukewar wuta zai so. Amma gininsu daban ne da na Intel da AMD. Manhajoji da yawa na aiki a kansu ta hanyar tafinta, direbobin na'urori kuwa ba sa bin wannan hanya, sai an rubuta musu nasu. Mai shagon buga takardu da ke da tsohuwar firinta ko sikana ya tabbatar tana da direban da ya dace kafin ya miƙa kuɗi.

Ba duk labarin ne mai ɗaci ba. Kamfanin Framework tun 2021 yake sayar da laftof da aka ƙera don mai shi ya kwance ya canja kowane sashe. An fito da wani sabon nau'in ram mai suna LPCAMM2, siriri mai sauri amma ana ɗaure shi da sukuru, Lenovo ya sa shi a ThinkPad P1 na 2024. Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024, ko da yake ta fi shafar wayoyi da kayan gida. Apple ma ya taɓa ja da baya: bayan shekaru yana rage ƙofofi, a 2021 ya dawo da HDMI da gurbin katin SD da cajin MagSafe a MacBook Pro, saboda masu saye sun ƙi yin shiru. Irin labaran da ya kamata mu riƙa turo wa juna ke nan.

Ga wanda zai shiga kasuwa a makon nan, ga abin da muke ba da shawara. Ka buɗe Settings ka shiga About ka karanta cikakkiyar lambar masarrafa da idonka. A Intel, lambar da ke bin i5 ko i7 ita ke faɗin zubi: 6300U na shida ne, 8350U na takwas, 10210U na goma, 1135G7 na goma sha ɗaya. Ƙasa da takwas, ka san abin da kake saya, kuma farashin ya nuna haka. Ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta tpm.msc ka ga ko 2.0 ne. Ka tambaya ko ram ɗin na ƙaruwa, in da hali a buɗe bayan a nuna maka gurbin. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfin da batir ya zo da shi daga masana'anta da wanda ya rage masa. Mai shagon da ya hana ka waɗannan, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Wanda kuma ke riƙe da tsohuwa mai lafiya, kada wani ya tsorata shi ya yar da ita. Ya shiga shirin ESU ya sayi lokaci. Idan aikinsa bai wuce rubutu da intanet da koyon rubuta manhaja ba, Linux Mint ko Ubuntu za su riƙe ta shekaru, Ubuntu 24.04 na da tallafi har 2029, kuma kyauta ne. Mai aiki da CorelDraw ko AutoCAD kuwa Linux ba za ta yi masa ba, shi ya fara tanadin canji tun yanzu, a hankali, kafin Oktoban 2026.

Ɗalibar da ta tambaye mu game da guntun ƙirƙirarriyar basira, amsarki ita ce: ChatGPT da Gemini da kike buɗewa a burauza, aikin a manyan kwamfutocin kamfanonin ake yin sa, data kawai suke ci a wurinki. Laftof mai zubi na takwas ko sama, da SSD, da ram gigabait 8 da za a iya ƙarawa zuwa 16, zai kai ki ƙarshen karatu in sha Allahu.

Muna roƙon masu gyara da masu sayarwa da ke cikinmu su faɗa mana a ƙasa: cikin kayan da ke shigowa yanzu, waɗanne ne ram ɗinsu ke manne, waɗanne ne ke ƙaruwa? Idan amsoshin sun taru za mu haɗa su wuri guda mu maƙala a saman zaure. Wanda kuma ke ganin mun yi wa masu hasashe rashin adalci, fili nasa ne, a dai yi muhawara da ladabi kamar yadda aka saba.

Allah Ya sa mu dace, Ya sa albarka a abin da muka tara. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.